Hukuncin shafa kunkunniya da alif a kan makero

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni uwa ce daga Mabera. Makero ya cinye wa ɗana gashi, kakarsa kuma ta ce a kankaro kunkunniyar madafa a kwaɓa da alif da man shanu a riƙa shafa masa. Shin hakan ya halatta, kuma zai iya sallah da shi?

Amsa: Da sunan Allah. 'Yar'uwa, kunkunniyar itace da alif duk masu tsarki ne, saboda haka sallarsa ta inganta, matuƙar kwaɓin bai yi kaurin da zai hana ruwan alwala taɓa kansa ba.

Maganar halacci ita ce ke buƙatar tsayawa. Wani zai iya kafa hujja da abin da Bukhari ya ruwaito, cewa Nana Faɗima ta ƙona tabarma ta sanya tokar a raunin Manzon Allah (SAW) ranar Uhudu. Amma can jini aka tsayar da toka sabuwar fita daga wuta, alhali kunkunniya hayaƙi ne da ya shekara yana taruwa da ƙura, kuma tun 1775 wani likita a Ingila, Percivall Pott, ya gano tana jawo ciwon daji ga masu share bututun hayaƙi. Ƙiyasin bai daidaita ba.

Wani kuma zai ce ai alif gishirin ƙarfe ne. Gaskiya ne gishirin wasu ƙarafa, kamar jan ƙarfe da tutiya, yana hana irin ƙwayar cutar makero yaɗuwa, har akan sanya tutiya a sabulun amosani. Sai dai ƙwayar makeron kai tana shiga cikin silin gashi, inda abin shafawa ba ya isa, shi ya sa likitoci ke ba da maganin sha irin griseofulvin na mako 6 zuwa 8. Ina kuma gargaɗi musamman game da kwalli da baƙin batir da wasu ke ƙarawa, domin kwalli kan ƙunshi dalma, kuma ba mu manta da yara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba.

Abin da na rinjayar shi ne a bar wannan haɗi, kuma idan fatar ta fashe ko shafawar ta jinkirta zuwa asibiti, ya zama haramun, saboda hadisin Muwaɗɗa da ya hana cuta da cutarwa. Ki fahimtar da kakarsa cikin ladabi, ki kai shi asibiti, ki ware masa hularsa da askarsa. Wallahu a'alamu.