Maigida ya ce in ƙona zane-zanen yara, ni kuma na kasa

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ba ni shawara. Yarana uku ne, babban yana aji huɗu a firamare, autar kuma shekararta uku da rabi. Kullum sai sun dawo min da takardun zane-zane daga makaranta, har na cika leda biyu. Maigida ya ce tarkace ne in ƙona, ni kuma hannuna ya kasa. Sannan akwai zanin saƙi da faya-fayai biyu na mahaifiyata da ta rasu, da allon zayyana na saukar babanmu, bara na buɗe akwatin na ga gara ta fara taɓa allon. Shin riƙe irin waɗannan abubuwa yana da amfani ko kawai ɗora wa kai ne? In da amfani yaya zan adana su? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Mama ya kai haske kabarinta, ya raya miki yaran nan.

Ba ɗora wa kai ba ne sam, amma maigida ma bai yi ƙarya duka ba, leda biyu ta yi yawa, kuma in kika ce sai kin riƙe komai to ƙarshenta ba za ki iya kula da ko ɗaya ba. Za mu zo kan tacewa. Ki fara sanin me ke hannunki tukuna.

Ɗauko takardun autarki ki duba. Na kusa rantsewa za ki ga wani ƙaton kewaye da ɗigo biyu a ciki, sai layi biyu da suka sauko daga jikinsa kai tsaye, babu wuya babu ciki, wani lokacin hannuwa suna fitowa ta inda kunne ya kamata ya kasance. In kika tambaye ta sai ta ce ai Umma ce. Wannan mutum mai kai da ƙafa kawai yara na zana shi kusan ko'ina a duniya wajen shekara uku zuwa huɗu, ba tare da wani ya koya musu ba. Wani malamin koyar da zane mai suna Viktor Lowenfeld ya tsara matakan tun 1947: daga shekara 2 zuwa 4 jagwalgwalo ne, yaro yana jin daɗin motsin hannunsa kawai, daga 4 zuwa 7 sai siffofi su fara fitowa amma suna yawo a takarda ba sama ba ƙasa, daga 7 zuwa 9 sai ki ga ya ja layi a ƙasa ya jera gida da bishiya da mutane a kai, rana kuma ta laɓe a kusurwa. Daga 9 zuwa sama yaro ke fara jin kunya yana cewa bai iya ba, da yawa a nan suke ajiye fensir har abada. Shekarun kiyasi ne, kada ki tayar da hankalinki in naki ya ɗan yi gaba ko baya. Abin da nake so ki gane shi ne babban naki yana bakin ƙofar daina zane, autar kuma nan da shekara ɗaya ko biyu ba za ta sake iya zana wannan Umma mai kai da ƙafa ba ko da an biya ta.

Wani abu da na ga ana yawan yi, musamman tunda aka fara yaɗa irin waɗannan bayanai a Facebook, shi ne uwa ta ga yaro ya shafa baƙin kala ko ya zana babansa ƙarami sai ta ce akwai matsala a gidan. Haba. Sau da yawa baƙin kalar ce kaɗai ta rage a gwangwani, ko takarda ce ta ƙare masa. Zane ɗaya ba ya isa a yanke wa yaro hukunci. In wani abu mai ban tsoro yana ta maimaituwa kuma halinsa ya canza, barci ko cin abinci, wannan kam a ga likita.

Akwai wani yaro a birnin Novgorod na Rasha, Onfim sunansa, ya rayu a ƙarni na 13, ana ƙiyasin yana ɗan shekara shida ko bakwai. A kan ɓawon bishiya yake koyon rubutu, sai ya fara jera haruffa ya gaji ya koma zana kansa a kan doki yana soke abokin gaba da mashi, har ya rubuta sunansa a gefe. An tono ɓawon a shekarun 1950, laka mai jiƙe ce ta hana shi ruɓewa. Abin da ya sa har yau ake maganarsa shi ne sunan nan da ya rubuta, da babu shi da ɗan zane ne kawai na wani yaro da ba a san ko waye ba.

To nan ne aikinki yake, kuma shi ya fi komai muhimmanci a duk amsar nan. Duk takardar da za ki ajiye, juya bayanta ki rubuta sunan yaron, shekarunsa, kwanan wata, sannan ki tambaye shi "ba ni labarin wannan" ki rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗa, har da tsamin bakinsa, kada ki gyara. Kada ki ce "mene ne wannan?" don yana kashe musu gwiwa, a wajensu ai a fili yake. Da fensir za ki rubuta, biro yana ratsawa ya fito ta gaba. Nan da shekara ashirin wallahi jimlar nan ta "Abba ne yake gudu akuya ta biyo shi" ita za ta sa ku dariya da hawaye fiye da zanen.

Tacewa kuma, ki zauna da kowane yaro a ƙarshen zangon karatu ya zaɓi biyu ke ma ki zaɓi biyu. Wanda malama ta raba hoto aka ce a shafa kala ki bar shi ya tafi, wanda yaron ya ƙirƙiro da kansa shi ake riƙewa. Sauran ki ɗauke su a waya, a inuwa da hasken rana ba fitila ba, ki tura imel ɗinki saboda waya ɓata take ko a sace, sai ki zubar amma ba a gaban idonsu ba.

Dan Allah kada ki kai laminatin. Mutane na ganin gata ne, alhali zafi da gam ɗin suna manne wa takardar har abada, kala mai maiƙo ma narkewa take. Salatif shi ma ja yake yi ya bar tabo. Ki sa farar takarda tsakanin kowane zane, ki shimfiɗa su a fayil ba ninki. Kalar maka, wato alƙalamin kala mai tawada, tana saurin kodewa a rana, don haka wanda za ki liƙa a bango ki yi kwafinsa ki liƙa.

Yanzu kayan iyayenki. Allon nan ki fitar da shi daga akwatin yau yau, ki raba shi da sauran kayan, ki duba ko akwai ƙasa-ƙasa ko garin katako da ke zubowa. Gara daga ƙasa take hawowa, saboda haka akwatin ya bar daɓe ya kuma bar jikin bango, ki ɗora shi a kan wani abu na ƙarfe. Kada ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma ya taɓa fuskar allon, kin san tawadarmu gawayi ce da ƙaro, an yi ta ne don a wanke, ɗigo ɗaya zai tafi da zayyanar. Busasshen buroshi mai laushi ya isa, fenti ko mai kuma kada ki bari kowa ya shafa masa.

Zanin saƙin in rinin baba ne to ki nisanta shi da haifo da omo, in ba dole ba ma kada ki wanke. Naɗe shi za ki yi kamar tabarma a cikin tsohon farin yadi wankakke, domin zare a kan karin ninki yake fara tsinkewa. Leda kuma ki manta da ita, da damina gumi take tarawa sai fumfuna, ki ga ɗigo-ɗigo da wari. In damina ta wuce ki fito da shi ya sha iska a inuwa. Kafur yana korar ƙwari amma guba ne ga yara, jarirai ma ko warinsa a jikin tufafi yana iya cutar da su, da 'yar shekara uku a gida gara ki haƙura da shi ki riƙa dubawa da ido. Faya-fayan ki kwantar da su, kada a ɗora musu nauyi don kaba tana karyewa in ta bushe da hunturu.

Kayan iyayen naki su ma suna buƙatar irin rubutun nan na bayan takarda. In akwai wata goggo ko ƙanwar Mama da ke raye ki je mata da zanin ki kunna rikodin a waya ki tambaye ta wa ya saƙa, a wane gari, na lefe ne ko na fitar suna, a wajen wane malami Baba ya sauke, wa ya yi masa zayyanar. Tsofaffi in suka riƙe abu a hannu labari zuba yake yi, kuma kada ki ce sai da Sallah. Sannan ki tuna kayan Mama akwai haƙƙin sauran magada a ciki ko da faifai ne, ki faɗa wa 'yan uwanki suna wajenki su yarda, ki tura musu hotunan a guruf ɗin gida.

Shi kuma maigida ba sai an yi ja-in-ja ba, ki rage ledojin nan su koma fayil uku, ɗaya ga kowane yaro, ki sa zanen da yaran suka zana shi a ciki a sama ki miƙa masa.