Rangwamen da Ke Zuwa ta Gidan Waya

Tambaya: Malam, yayana da ke Amurka ya ce idan ya sayi kayan gida, kamfani kan mayar masa da wani ɓangare na kuɗinsa ta gidan waya. Yaya abin yake? Daga wata uwargida, Maraɗi.

Amsa: Hajiya, gaskiya ya faɗa. Mai saye yana biyan cikakken farashi, sannan ya cika takarda, ya haɗa da rasidi da lambar da ya yanko daga kwalin kayan, ya aika kafin wa'adi ya cika. Kuɗin kan ɗauki mako 6 zuwa 8, kuma kamfanonin sun san da yawa za su manta ba su aika ba.

A Maraɗi kuwa, ragin yana wurin ciniki da sayen gero da wake lokacin kaka, kafin farashi ya tashi.