Kai yaro, zancen ba wa 'yan waje aiki ba yadda kake ɗauka ba ne

Saƙonka na gani tun jiya, na ƙi amsawa ne don raina ya ɓaci, ba da kai ba, da abin da ka tuno min. Ka ce Oga tunda yanzu awa bakwai muke yi maimakon tara kuma oda ba ta ragu ba, me zai hana mu ba wani kamfani na waje lissafi da amsa waya da karɓar oda, mu kuma mu tsaya kan katako kawai. Ban ce ba ka da kai ba. Amma yadda ka jera su ukun nan a layi ɗaya kamar duk abu ɗaya ne, nan na san har yanzu da sauranka.

Rage awa ba ku kuka fara ba. Henry Ford mai kamfanin motoci tun 1926 ya mai da ma'aikatansa kwana biyar, awa 40 a sati. A Ingila a 2022 kamfanoni 61 suka gwada aikin kwana huɗu a sati na wata shida, albashi cikakke, 56 daga ciki suka ce sun ci gaba. To amma akwai sharaɗi, aiki kar ya ragu, kuma wannan layin ne ku yaran yanzu kuke tsallakewa in kuna turo min labarin a waya, hutun kawai kuke gani. Ni da na rage ba don na ga wani ya yi ba ne, na lura ne yawancin katakon da ake lalata min bayan awa ta takwas ake lalata shi, gajiyayyen hannu da injin yanka ba sa shiri.

Lissafi da albashi da takardun haraji, ba da su, ai na daɗe da bayarwa kai ne ba ka sani ba. Yadda ake zaɓen akanta kuwa ba zan ɓata yawuna ba, ko wawa ya sani. Ƙarshen wata ya kawo, na zauna na duba da rasit, in da kuskure a goge a gyara, shikenan. Katako in ka yanka ka yanka.

Waya da karɓar oda fa? Nan ne aka yi min aika-aika.

Shekarar da na fara rage awa, kafin zuwanka, wasu suka zo min da kwat da takardu masu sheƙi, wai su za su riƙa amsa wayar kwastomomina dare da rana, su rubuta oda su turo min a kwamfuta, ni ba ruwana da ƙarar waya ina tsakiyar aiki. Wallahi na ji daɗi, don a lokacin waya ta hana ni sakat, ina riƙe da tef ana kira, in ajiye in dawo na manta inda na tsaya. Na sa hannu a kwantiragi shafi goma sha ɗaya, na karanta na farko da na ƙarshe. Wata huɗu komai lafiya lau har ina yi wa abokan sana'a burga ina cewa su ne ba su waye ba.

Sai ga babbar oda, wani mai gina otal yana son ƙofofi 64, faɗin santimita 90. Ni da kaina na je na auna, na dawo na sayi katako mai tsada da kuɗina don abin da ya bayar na kafin alƙalami bai kai rabi ba. Ashe bayan kwana tara injiniyansa ya canza tsarin bango, aka matse ƙofofin zuwa 80. Mutumin ya kira lambar shago, wadda yanzu ba ni ke ɗauka ba, ya faɗa wa wadda ta ɗauka. Ita kuma ba ta taɓa ganin firam ɗin ƙofa a ƙasa ba, ba ta san santimita goma a wajenmu mutuwa da rayuwa ba ce, sai ta rubuta "kwastoma ya kira kan awo, an amsa masa" ta rufe. Daga baya na gano ana biyansu ne da yawan kiran da suka rufe, ba da yawan matsalar da ta warware ba. Kaga kenan ita a wajen ogoginta aiki mai kyau ta yi.

Sati biyar muna kan ƙofofin nan, an yanka, an haɗa, an goge, an yi feshi hannu uku, an huda wajen makulli. Ranar da muka kai, na ɗora ta farko a bakin firam da hannuna, ta tsaya a waje tana kallona, santimita goma cif. Na ce a kawo ta biyu. Na ce a kawo ta uku. A ta biyar yaran da ke tare da ni suka daina kallon fuskata. Kuma ba irin ƙofar da za ka rage wa gefe ba ce, mai fanel ce, in ka cire biyar nan biyar can ka ci wajen haɗin, zanen ma ya karkace.

Mai otal ya ce shi ya faɗa, ya nuna min ranar da ya kira da minti nawa ya yi, kuma gaskiyarsa, ko da yake shi ma ya samu dama, sai da ya zaftare min kuɗi da sunan jinkiri bayan na sake masa duka 64 ɗin daga aljihuna. Na tafi wajen masu kwat da zafina, wani yaro sa'anka ya buɗe min shafi na takwas ya sa yatsa, duk asarar da ta faru ta dalilinsu, iyakar abin da za su biya kuɗin aikinsu na wata ɗaya. Kuɗin da ko feshin ƙofa goma ba zai yi ba. Har ruwa ya miƙo min wai in kwantar da hankalina. Ribar shekarar nan gaba ɗaya a nan ta tafi, na sallami mutum biyu da ba su yi laifin komai ba, ɗayan har yau in mun haɗu sunkuyar da kai nake.

Kar ka ce don ni ƙaramin kafinta ne. Boeing, kamfanin ƙera jiragen sama, da girmansa ya rarraba ƙera jirginsa 787 ga kamfanonin waje, suka yi alƙawarin miƙa na farko a 2008, bai isa hannun mai saye ba sai 2011, har sai da suka sayi masana'antar ɗaya daga cikin masu yi musu aikin a 2009 don su dawo da abin hannunsu. Su da lauyoyi cike da bene.

Saboda haka in awa bakwai ta yi mana kaɗan, ga abin da zan yarda. Kai kaya ga kwastoma a ba masu mota, dama bana son ganinku kuna yawo rabin yini da sunan delibari. Gugar farko ma zan iya bayarwa don in ta dawo tafin hannuna zai gaya min gaskiya. Amma duk maganar da ta shafi awo, kala, ko ranar kai kaya, kunnen ɗan cikin shagon nan ne zai ji ta, ya maimaita wa kwastoma, ya sa shi ya turo a rubuce, kafin zarto ya taɓa komai. Kuma in kana neman awa biyun da suka ɓata, fara da wayarka, jiya ina kallonka minti ashirin kana murmushi kai kaɗai gam yana bushewa a kan tebur.

Daga gobe wayar shago a hannunka take, daga buɗewa zuwa tashi, da littafi da biro, ba a ka ba. Bencin da kuke zama a kai a baya kuma, ka juya shi ka duba ƙarƙashinsa, za ka ga ramin makulli. Ta goma sha bakwai ce. Sauran suna sito, na hana a taɓa.