Amsa ga mai tambaya kan aikin sa kai a gidan ciyarwar Yahudawa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace Musulmi ya yi aikin sa kai a gidan ciyarwa na Yahudawa da ke kusa da masaukinka a Brooklyn, da kuma abin da za ka tarar idan ka je. Na jima ina wannan aiki a ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje a birnin New York, kuma shawarata ita ce ka je, domin ba a tambayar mai shigowa addininsa, yunwa ce kawai takardar shiga.

Abin da zai fi ba ka wahala da farko shi ne dokokin abincinsu da ake kira kosha, waɗanda suka fi namu na halal tsauri ta fuskoki da dama. Ba sa haɗa nama da madara ko wani abin da aka yi da ita, kuma rabuwar ta kai har ga tukwane da wuƙaƙe da wurin wanke-wanke, saboda haka cokali ɗaya da ka tsoma inda bai kamata ba yana iya jawo a ajiye tukunya guda a gefe. Ana fasa ƙwai a duba ko akwai ɗigon jini, ana bincika ganye saboda ƙwari, kuma a gidajen da ke bin al'ada sosai Bayahude ne ke kunna wutar girki, kai kuma ka ci gaba da yanka da juyawa. Akwai mai sa ido da malamansu suka amince da shi; shi za ka tambaya kafin ka taɓa abin da ba ka gane ba. Kada ka shiga madafa da abincinka na gida, ko da dabinon buɗa-baki ne, sai da izininsa.

Game da cin abincin, aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ma'abota Littafi, kuma ba za ka ga naman alade a wurin ba. Sai dai giyar inabi ba haramun ba ce a wajensu, don haka idan an kawo miya ko kayan zaƙi daga waje, ka tambayi abin da ke ciki. Daga faɗuwar rana ranar Juma'a zuwa bayan faɗuwar rana ranar Asabar ba sa girki, wanda hakan ya sa aikin Alhamis ya fi nauyi. Masu riƙon addini a cikinsu ba sa musafaha tsakanin mace da namiji, abin da ba baƙo ba ne a gare mu.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake kare mutuncin mai ci. Gidan ciyarwar Yahudawa na Masbia, wanda aka buɗe a unguwar Borough Park da ke Brooklyn a 2005, ya yi suna ne saboda tsarinsa irin na gidan sayar da abinci: mutum ya zauna a tebur, a kawo masa, ba ya tsayawa a layi da kwano a hannu. Wannan yana da tushe a koyarwarsu, domin malaminsu Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya kasa sadaka hawa takwas, ya fifita wadda mai bayarwa da mai karɓa ba su san juna ba a kan wadda ake miƙawa ido da ido. Saboda haka kada ka ɗauki hoton kowa, kada ka tambayi mutum yadda aka yi ya rasa muhalli, kuma idan ka ga wanda ka sani daga masallaci, ka bar shi ya fara gaishe ka. Wasu za su shigo da fushi ko da taɓin hankali. Ka kira shugaban aiki, kada ka shiga gardama. Zancen siyasar Gabas ta Tsakiya ma ba wurinsa ba ne.

Idan lokacinka kaɗan ne, ka zaɓi ƙarshen wata, lokacin da tallafin abinci na gwamnati ya ƙare wa iyalai, da kuma kwanakin tsananin sanyi na Janairu da Fabrairu. A lokacin bukukuwan ƙarshen shekara masu sa kai sukan yi yawa har a rasa aikin da za a ba su. Ka sa takalmi rufaffe, ka gaya musu tun ranar farko cewa za ka riƙa ɗan fita idan lokacin salla ya yi. Ni dai ba a taɓa hana ni ba.