Na tsare baƙo a ƙofar coci saboda kamanninsa: zunubi na yi?

Tambaya: Ina cikin matasan da ke binciken masu shiga sujada a ƙofar cocinmu. Wata Lahadi wani baƙo ya zo, dogo, fari, da gemu da doguwar riga da hula, sai na ware shi gefe na yi ta yi masa tambayoyi, alhali masu kwat suna wucewa ban ko dube su ba. Daga baya na ji cewa Bafulatani ne mai bi, har an yi masa baftisma. Tun ranar bai sake zuwa ba. Zunubi na yi, ko aikina ne kawai?

Amsa: Ɗan'uwana cikin Almasihu, binciken ƙofa ba laifi ba ne. Duk wanda ya tuna bam ɗin da ya tashi a cocin Katolika na Madalla ranar Kirsimeti ta 2011 ya san dalilin da ya sa ikilisiyoyi suka fara tsayar da masu tsaro, kuma Yesu da kansa, a Matiyu 10:16, ya ce wa almajiransa su zama masu wayo kamar macizai. Laifin yana cikin abin da ka faɗa da bakinka, cewa masu kwat sun wuce ba ka dube su ba. Da ka binciki kowa har da shi, da tsaro ka yi. Tun da shi kaɗai ka ware, to riga da gemu ka hukunta. Wasiƙar Yakubu, sura ta 2, ta kawo kusan irin wannan hoton, inda aka ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau, aka ce wa matalauci ya tsaya can, kuma aya ta 9 ta kira nuna bambanci zunubi kai tsaye. Saboda haka ba zan ɓoye maka ba, akwai abin da za ka tuba a kai.

Sai dai ba kai ne na farko da ido ya ruɗa ba. Annabi Sama'ila ya je Baitalami wurin Yesse domin ya naɗa ɗaya daga cikin 'ya'yansa sarki, da ya ga babban ɗan, Eliyab, da tsayinsa sai ya ɗauka shi ne zaɓaɓɓe, har Ubangiji ya tsawata masa cewa mutum zahiri yake dubawa, shi kuwa zuciya (1 Sama'ila 16:7). Akwai abin da masu wa'azi kan tsallake a wannan sura: Dawuda, autan Yesse da aka kirawo daga kiwo aka zaɓa, shi ma kyakkyawa ne, nassin ya faɗa. Ke nan kyau ko rashinsa bai shaidi komai ba, haka ma riga da hula. Ai Hausawa masu bi a Wusasa da ƙauyukan Kano da Katsina da irin wannan shigar suke zuwa sujada tun iyaye da kakanni.

Labarin da ya fi dacewa da kai, a ganina, shi ne na Shawulu, wanda aka fi sani da Manzo Bulus, a Ayyukan Manzanni sura ta 9. Da ya iso Urushalima bayan tubarsa, almajirai duka suka ji tsoronsa, ba su yarda cewa ya zama mai bi ba, kuma tsoron nasu yana da dalili, domin shi ne ya goyi bayan kisan Istifanus, ya riƙa jan maza da mata zuwa kurkuku. Duk da haka Barnaba, ɗaya daga cikin masu bi, ya kama hannunsa ya kai shi gaban manzanni, ya ba da shaidar yadda ya ga Ubangiji a hanyar Dimashƙu. Barnaba bai rufe ido ba, ya saurari mutumin ne har ya san labarinsa. Idan aka yi wa mai laifi sananne haka, ina ga baƙon da bai taɓa yi maka komai ba? Ka kuma tuna cewa irin wannan ɗan'uwa sau da yawa ya rasa dangi da shanu saboda bangaskiyarsa, sai ya iso ƙofarmu mu ma mu dube shi a matsayin abin zargi. Wannan abin yana ci mini rai ƙwarai.

A watan Yuni na 2018, lokacin hare-haren ƙaramar hukumar Barikin Ladi a Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa, ya ƙi miƙa su ga mahara. Da ya zo ƙofarku da rawaninsa da gemunsa, mai yiwuwa shi ma da an ware shi gefe.

Abin yi yanzu shi ne ka sami fasto ko ɗaya daga cikin dattawan ikilisiya, ku nemi inda mutumin yake zaune, ka je ka roƙi gafararsa ba tare da kawo uzurin tsaro ba. Bayan haka ku zauna da sauran masu ƙofa ku tsayar da ƙa'ida ɗaya da za ta hau kan kowa, har da dattijo da mai babbar mota, sannan a riƙa fara gaishe da baƙo kafin a taɓa jakarsa. Idan ya yarda ya dawo, kai ne za ka tarye shi a ƙofa, ka zauna kusa da shi a wannan Lahadin.