Maganin haidiroksiyuriya ga mai sikila: amfaninsa da sharuɗɗansa

Tambaya: Ɗana mai shekara shida yana da sikila, nauyinsa kilo 20. Likita ya rubuta masa haidiroksiyuriya, sai wata maƙwabciya ta ce maganin kansa ne, kuma da sinadarin takin yuriya ake yin sa. Yanzu tsoro ya hana ni ba shi. Don Allah a yi min bayani. Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Malama, Allah ya ba yaro lafiya. Maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba, amma rabin zancen ta kawo miki. A ginin sinadari, haidiroksiyuriya yuriya ce da aka ƙara wa ƙwayar iskar oksijin ɗaya, kuma wannan ƙarin ya sauya aikinta gaba ɗaya, don haka ba ruwanta da buhun taki. Farin gari ce mai narkewa a ruwa, danshi kuma yana lalata ta. An fara haɗa ta a Jamus a 1869, aka daɗe ana ba masu wasu nau'o'in kansar jini, kafin Amurka ta amince da ita ga manya masu sikila a 1998, ga yara kuma a 2017.

Jariri yana zuwa duniya da wani nau'in sinadarin jini da ba ya lanƙwashewa, shi ya sa ciwon ba ya cika tashi kafin wata shida. Maganin yana sa ɓargo ya koma ƙera wannan nau'in, sai jajayen ƙwayoyin jini su rage maƙalewa a jijiyoyi. Wani babban gwajin maganin da aka wallafa a 1995 ya nuna tashin ciwo ya ragu da kusan rabi, kwanciya asibiti da ƙarin jini ma sun ragu. A nan gida, binciken da aka yi a asibitin koyarwa na Aminu Kano da wasu asibitocin Kano da Kaduna, wanda aka wallafa a 2022, ya nuna ko ƙaramin awo na miligiram 10 a kowane kilo yana taimakawa wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki.

Yara galibi ana fara musu da miligiram 20 a kowane kilo, sau ɗaya a rana, ba a kuma wuce 35 a kowane kilo. Ɗanki ke nan miligiram 400. Matsalar ita ce kafson da ya fi yawa a kemis na 500 ne. Kada ki buɗe ki rage garin da ido. Likita zai iya tsara ranakun sha a mako yadda jimillar za ta daidaita, ko mai haɗa magani na asibiti ya mayar da shi ruwa.

Inda haɗarin yake shi ne ɓargo. Maganin yana rage saurin rabuwar ƙwayoyin halitta, idan ya yi yawa sai fararen ƙwayoyin jini da masu tsayar da zubar jini su faɗi. Saboda haka gwajin ƙidayar jini wajibi ne: kafin farawa, kowane mako huɗu a lokacin da ake daidaita awo, sannan duk bayan wata biyu zuwa uku. In ƙidaya ta yi ƙasa, a dakata mako ɗaya ko biyu ta farfaɗo, a ci gaba da awo ƙasa da na baya. A ganinmu, wanda ba zai iya zuwa gwaji ba bai kamata ya sayo maganin da kansa ba. Zazzaɓi, zubar jini daga dasashi, ko ɗashewar tafin hannu, a garzaya asibiti ranar. Duhun farce kuwa ana yawan ganinsa, ba abin tayar da hankali ba ne.

Kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne ba da shi sai ciwo ya tashi, ko dainawa bayan wata ɗaya wai bai yi aiki ba. Ba ya kashe zafi nan take, sai an yi wata uku zuwa shida ana sha kullum kafin a ga canji, kuma ba ya maye gurbin folik asid da rigakafin zazzaɓin cizon sauro.

Ki wanke hannu kafin da bayan taɓa kafson. In gari ya zube, goge da jiƙaƙƙen tsumma ki ƙulle a leda ki jefar. In kina da juna biyu, wani ya riƙa ba shi, domin maganin yana iya cutar da ɗan tayi. Mai ciwon ƙoda ana rage masa awo, shi ya sa ake duba ƙoda da hanta tun kafin kafso na farko.