Tambaya da Amsa: Ina zan samu kanoli na asali a Palermo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Wata huɗu ke nan da na biyo maigidana birnin Palermo na ƙasar Italiya, inda yake aiki. Duk shagon da na wuce sai na ga wani soyayyen abu kamar bututu, an ɗura masa farin kirim, suna ce masa kanoli. Sau ɗaya na saya a wani shago kusa da tasha, na ji ɓawon ya yi laushi kamar burodin da aka tsoma a shayi, ga zaƙi har da hawa kai. Maƙwabciyata ta yi dariya ta ce ai ban ci na gaske ba. Yaya ake gane mai kyau, kuma ina zan same shi? Daga 'yarki a Palermo.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Maƙwabciyarki ta yi gaskiya, kuma kin faɗa gidan abin, domin tsibirin Sisili da kike zaune shi ne mahaifar kanoli. Amma kafin in nuna miki hanyar shago, akwai maganar da ba ki tambaya ba wadda ta fi wadda kika tambaya nauyi.

Ɓawon kanoli na gargajiya, wanda su suke kira scorza, da kitsen alade ake kwaɓa shi, kuma tsofaffin masu sana'ar a cikin kitsen suke soya shi. Sunan kitsen a bakinsu strutto. Sannan ana zuba wa kwaɓin 'yar giya, galibi wadda ake kira Marsala, ko binega, ko duka biyun. Su ne suke sa ɓawon ya yi waɗannan ƙuraje-ƙurajen idan ya shiga mai. Wato duk yadda mai shago ya fi bugun ƙirji da cewa nasa irin na kakarsa ne, to haka ya kamata ki ƙara buɗe ido. Wanda kika ci a baya kada ya hana ki barci, cikin rashin sani ne. Ni ma zuwana na farko sai da na cinye guda biyu, ina santi, kafin wata dattijuwa mai shago ta dubi mayafina ta girgiza kai ta nuna mini takarda a bango.

Wannan takarda ita ce abokiyarki. A Italiya doka ta ɗora wa masu sayar da irin waɗannan kayan su ajiye jerin abubuwan da suka haɗa su da su inda mai saye zai iya gani, wasu a allo, wasu a ɗan littafi kusa da wurin biyan kuɗi. Ki nemi kalmomi uku: strutto, vino (wato giya), Marsala. Idan kuma baki za ki yi amfani da shi, ki riƙe wannan: "C'è strutto nella scorza?", ma'ana, akwai kitsen alade a ɓawon? Ki ƙara da tambayar a me aka soya, domin wani zai kwaɓa da bota amma ya soya a kitse, wani kuma akasin haka. Akwai shaguna a yau da suke yi da man girki, sai dai ba a ganewa da ido. Batun giyar da aka dafa kuwa, wannan na malamai ne, ni dai a karan kaina barinta nake yi.

To mu koma kan tambayarki. Ba gidan burodi za ki nufa ba, wanda suke kira panificio. Ki nemi inda aka rubuta pasticceria, wato shagon kayan zaƙi. Kina shiga ki dubi cikin gilashi. Idan kin ga kanoli jere an riga an ɗura su tun safe suna jiran mai tsautsayi, ki yi sallama ki fita. Abin da ya same ki a tasha ke nan: ɓawon ya sha ruwan abin da aka ɗura masa ya saki jiki. Na kirki, ɓawonsa a ajiye yake daban babu komai a ciki, sai kin yi oda za a ɗauko a ɗura a gabanki. Suna cewa riempito al momento. Idan kin gatsa ki ji ƙaras kamar sabon dubulan, har ɓurɓushi ya zubo miki a zane. Wasu shagunan sukan shafe cikin ɓawon da cakulan don ya daɗe bai jiƙe ba. Dabara ce ta 'yan kasuwa, ba laifi, amma ni ban ɗauke ta a bakin komai ba.

Farin abin nan kuma ba kirim ba ne. Wani cuku ne mai laushi da ake kira rikota, ana samunsa daga ruwan da ya rage bayan an cire cuku, a sake dafa shi, shi ya sa ma sunan yake nufin abin da aka dafa sau biyu. Na kanolin Sisili daga nonon tumaki ake yi. A tsane shi, a haɗa da sukari, a tace ta rariya. Idan kin ɗanɗana za ki ji ɗan ƙamshin nono yana leƙowa ta bayan zaƙin, irin wanda duk wadda ta taɓa shan kindirmo a ruga za ta gane. Wanda sukari ya rufe komai, to ana ɓoye wani abu ne. Kuma abin yana da lokaci: daga shigowar sanyi zuwa bazararsu, lokacin da tumaki ke cin ɗanyar ciyawa, rikota ta fi daɗi. A tsakiyar zafin Yuli da Agusta mutanen garin da kansu ba sa rububinsa. Da can ma kanoli abincin wani biki ne da suke kira Carnevale, wanda ake yi kafin azumin Kiristoci.

Wurare kuwa, a cikin Palermo akwai shagon da ke cikin tsohon gidan ibadar mata na Santa Caterina a dandalin Bellini, inda ake yin kayan zaƙi bisa tsarin matan da suka zauna a gidan, kuma a gabanki suke ɗurawa. Idan maigida ya samu hutu ku hau mota zuwa Piana degli Albanesi, wani gari a kan tsauni da bai kai tafiyar awa ɗaya ba, wanda 'yan gudun hijira daga Albaniya suka kafa a 1488. Sunansa ya yi nisa a kan kanoli saboda tumakin yankin. Can yamma wajen Trapani akwai ƙauyen Dattilo, nasu manya ne, rikotar ba a tace ta sosai ba, zaƙin kuma da sauƙi. Nawa zaɓin ke nan. Amma fa ki tuna, irin waɗannan wurare masu riƙe da gargajiya su ne suka fi buƙatar tambayar nan ta strutto. Na ba ki sunansu ne don ki san inda ake yabo, ban ce na wanke miki su ba.

Wata 'yar ƙarin magana don hira da maƙwabciya: Musulmi sun mulki Sisili, sun shigo a 827, suka kama Palermo a 831, mulkin bai ƙare gaba ɗaya ba sai 1091. Su suka yaɗa noman rake da lemon tsami a tsibirin. Har akwai labarin da ake bayarwa cewa matan fadar wani sarki a Caltanissetta ne suka fara yin kanoli, amma wannan hira ce ta baka. Sunan dai daga canna yake, wato kara, domin a jikin guntun kara ake naɗe kwaɓin a soya.

Idan kin gaji da tambaya, ki yi abin da nake yi. Ki sayi rikotar tumaki rabin kilo a kasuwar Ballarò ko wajen mai cuku, ki bar ta a rariya cikin firji ta kwana, ki zuba sukari kamar giram 150. Ɓawon ki kwaɓa fulawa da bota da ɗan sukari da garin koko da binega, ki murza ya yi siriri sosai, ki naɗe a bututun ƙarfe da ake sayarwa a shagon kayan kicin, ki liƙe bakin da farin ƙwai don kada ya buɗe a mai. Sai ya huce sarai sannan ki ɗura. A Palermo ɓawon lemu da aka dafa a sukari suke ɗorawa a baki, mutanen birnin Catania kuma dakakken fistashiyo, wani ɗan itace mai kama da gyaɗa. Ni ranar da babu ko ɗaya, soyayyiyar gyaɗa na daka na barbaɗa, yaran gidan ba su bar ko guda ba.